Yadda Ake Farfaɗo da Tsofaffin 'Yan Mutum-mutumin Wasan Yaƙi a Sake Musu Fenti

A Ingila da sauran ƙasashen Turai da Amurka akwai wani wasa da ake yi a kan tebur. Mutum biyu ne ke zama, kowa da 'yan mutum-mutumin mayaƙansa, tsawon kowane bai wuce milimita 28 zuwa 32 ba. Da tef ake auna tafiyarsu, a jefa ƙwayar ludo don a san ko sara ya kama ko ya kuskure. Wasan ba sabo ba ne, domin tun a 1913 marubuci H. G. Wells ya wallafa littafin dokokinsa mai suna Little Wars. Amma wanda ya yaɗa nau'in da ke cike da dodanni da matsafa da wadanni shi ne kamfanin Games Workshop, wanda aka kafa a Landan a 1975, yanzu kuma hedikwatarsa tana Nottingham. A 1983 ya fitar da Warhammer, inda runduna ke karawa da runduna. A 1999 kuma ya kawo Mordheim, wanda shi ƙaramin artabu ne tsakanin 'yan tsirarun mayaƙa a kangon wani birni da tauraruwa mai wutsiya biyu ta faɗa wa. Daga baya, a 2015, Joseph McCullough ya rubuta Frostgrave, inda kowane ɗan wasa ke riƙe da mutum goma kacal: matsafi da almajirinsa da sojoji takwas.

Wannan ƙarancin shi ya sa gyara yake da daraja. Mai runduna ɗari yana iya ɓoye mummunan fenti a sahun baya. Mai mutum goma ba shi da sahun baya. Kowane mayaƙi yana da suna, ana rubuta raunin da ya ji da makamin da ya samu daga wasa zuwa wasa, kuma hannu yana ɗaukarsa yana ajiyewa ba iyaka. Ga shi Games Workshop ya daɗe da daina ƙera mutanen Mordheim, don haka mai nemansu sai dai ya sayi na hannu a intanet, su iso masa da fenti mai kauri da ya toshe fuska, da takobi a lanƙwashe, wani ma hannu ɗaya ya ɓata. Abu biyu za ka riƙe a ranka tun daga farko har ƙarshe: abin nan hannu zai riƙa taɓa shi, kuma daga nisan kamu biyu ido zai riƙa ganinsa. Duk matakin da ke tafe amsar waɗannan biyun ne.

Kafin ka taɓa komai, gane da me aka yi mutum-mutumin. Na ƙarfe yana da nauyi da sanyi a tafin hannu. Na roba ba nauyi, galibi ruwan toka ne. Akwai kuma na ƙaro, irin wanda kamfanin ya fara fitarwa a 2011 da sunan Finecast, mai laushi da saurin karyewa. Idan na ƙarfe ne, duba ɗan harshen da ke ƙarƙashin ƙafafunsa, wanda ake cusawa cikin gindin roba, sau da yawa za ka ga shekarar da aka sassaƙa shi. Wannan ba don sha'awa kawai ba ne. Sai a 1997 kamfanin ya koma amfani da ƙarfen da ba dalma a ciki, don haka wanda ya girmi wannan shekara ka ɗauka akwai dalma a jikinsa. Wanda ya ji labarin gubar dalma a Zamfara a 2010 ba sai an yi masa dogon bayani ba. Kada ka busa ƙurarsa da baki, kada ka ci abinci a wurin aiki, ka wanke hannu da sabulu, sannan ka nisanta shi daga yara. In ka ga wani farin gari-gari yana fitowa daga jikin ƙarfen yana marmashewa, to dalmar ce ta fara ruɓewa, yawanci saboda ajiya a cikin akwatin katako mai fitar da tururin tsami. Ware shi daga 'yan uwansa. Wanda abin bai yi nisa ba ana kankare shi a rufe da fenti, wanda ya ci fuska kuwa sai haƙuri.

Daga nan sai kwancewa. Tsohon gam mai kamawa nan take, wanda aka fi sani da sufa gulu, ba ya jure sanyi. Sa mutum-mutumin cikin firiza ya kwana, da safe ka murɗa hannun a hankali, zai ɓalle ya bar ɓawon gam da za ka kankare da bakin reza. Na roba da aka haɗa da gam ɗin roba kuwa ba ya kwancewa, domin wannan gam narkar da ɓangarorin biyu yake yi su zama abu ɗaya. Ka bar shi yadda yake.

Cire tsohon fenti shi ne inda mutane suka fi yin ɓarna, kuma gaggawa ce ke jawo ta. Masu wannan sana'a a Ingila sun daɗe suna amfani da Dettol, wannan dai mai ruwan ƙasa da ke kowane kanti. Zuba shi tsagwaronsa cikin kwalba mai murfi, ka nutsar da mayaƙan, ka bar su kwana ɗaya. Idan ka tsamo ɗaya za ka ga fentin ya yamutse, ya kumbura, yana saɓulewa daga kan garkuwa da ɗan taɓi. Sa safar hannu, domin ruwan yana busar da fata har ta yi ɓawo. Ka ɗauki tsohon buroshin goge baki ka cuɗa, kana tsoma buroshin cikin Dettol ɗin, ba cikin ruwa ba. Wannan muhimmi ne: da zarar ruwa ya taɓa fentin da bai gama fita ba, sai ya koma danƙo mai liƙewa a kowane lungu, aikin minti goma ya koma na yini. Sai komai ya fita sannan ka wanke da sabulun wanke-wanke da ruwan ɗumi. Abin da ya maƙale a idon sulke ko cikin gemu, tsinken sakace ne maganinsa, ba allura ba, don allura tana yi wa ƙarfe mai laushi zane.

Wasu sun fi son sinadarin isopropyl mai ƙarfin kashi 99, domin ya fi sauri kuma ba ya barin wari. Shi ma yana da kyau ga ƙarfe da roba, sai dai a yi nesa da wuta, a buɗe taga. Ruwan cire jan farce mai asiton a ciki yana wanke ƙarfe tas cikin ɗan lokaci, amma roba narkewa take yi a cikinsa, fuskar jarumi ta koma dunƙule, kuma ba ta dawowa. Na ƙaro kuwa kada ya daɗe a cikin ko wanne, ka fara gwadawa da ɗan gutsuren da ba ka damu da shi ba.

Yanzu ga shi tsirara, duk aibinsa a fili. Za ka ga wani siririn layi ya zagaye shi daga kan kwalkwali zuwa takalmi, wurin da ɓangarorin mazubi biyu suka haɗu ke nan. Mai shi na farko bai cire ba, kai ka cire. Kwantar da bayan reza ka kankare a hankali, ko ka bi da ƙaramin magagari. Fenti ba ya ɓoye wannan layi, ƙara fito da shi yake yi. Takobin ƙarfe da ya lanƙwashe, miƙar da shi da yatsa kaɗan-kaɗan, sau ɗaya, domin in ka yi ta kai shi kana dawowa zai karye. Na ƙaro sai ka tsoma shi a ruwan zafi, ka miƙar, ka tsoma a na sanyi ya tsaya.

Hannun ƙarfe da aka manna da gam kaɗai ba ya ƙarko a tebur, faɗuwa ɗaya ya ɓalle. Abin yi shi ne sa masa ƙashi. Akwai ɗan mahuji na hannu mai bakin da bai wuce milimita ɗaya ba. Huda kafaɗa, ka huda hannun daidai wurin, ka yanko ɗan guntun wayar maƙala takarda ka cusa ta cikin ramukan biyu da ɗigon gam. Don ramukan su dace da juna, ka fara dasa wayar a kafaɗa, ka ɗiga fenti a kanta, ka kara hannun, inda fentin ya taɓa nan za ka huda. Giɓin da ya rage kuma akwai wani ƙulli mai zubi biyu, rawaya da shuɗi, da ake murzawa har ya zama kore. Da shi ake cike tsaga, da shi ake sake gina gashin jaki ko gefen alkyabba da ya gutsure. Jiƙa yatsa da abin aiki kada ya liƙe, ka bar shi ya kwana. Ni a ganina wannan mataki ya fi kowane launi da za ka shafa daga baya muhimmanci, ko da yake ba wanda zai taɓa yaba maka a kansa.

A sake wankewa da sabulu don fitar da maiƙon hannu, a bari ya bushe sarai, sannan a yi shafen farko, wato shimfiɗar da sauran fenti zai kama. Ba tare da ita ba, fentin ruwa ba ya zama a kan ƙarfe. Girgiza gwangwanin feshi sosai, ka tsaya a waje, ka ba da tazarar kamar santimita 25, ka riƙa fesawa gajere-gajere kana wucewa. Baƙar shimfiɗa tana rufa wa sabon hannu asiri, domin duk lungun da buroshi bai kai ba inuwa zai zama. Fara tana sa ja da rawaya su yi haske, amma ba ta yafe kuskure. Ga mutanen Mordheim, masu yawo a kango cikin toka da laka, baƙa na fi so.

Manna mutum-mutumin a kan murfin kwalba don ka sami mariƙi, kada yatsa ya riƙa taɓa aikin. Fentin da ake amfani da shi na ruwa ne, irin na Citadel ko Vallejo na ƙasar Sifen, kuma ba a shafa shi kai tsaye daga kwalba. Sirka shi da ruwa har ya zama idan ka ja shi a kan farcenka yana tafiya sumul ba tare da ya bar sawun gashin buroshi ba. Shafi biyu sirara sun fi ɗaya mai kauri, domin mai kaurin shi ne ainihin abin da ka ɓata kwana guda kana wankewa. A wuri mai zafi ko lokacin hunturu fentin yana bushewa kafin ka juya, don haka ka sami ɗan faranti mai murfi, ka shimfiɗa jiƙaƙƙen soso, ka ɗora takardar gashin burodi a kai, ka riƙa dama fentin a kanta. Buroshi kuma ba ƙanƙantarsa ake nema ba, tsininsa ake nema. Mai lamba ɗaya da baki mai kyau ya fi ɗan mitsitsi da fenti ke bushewa a kansa kafin ya isa fuska.

Fara daga ciki ka fito waje: fata, sai riga, sai sulke, sai ɗamara da kube. Kada ka tara launuka. Uku manya sun isa, sannan ka zaɓi ɗaya, ja alal misali, ka sa shi a jikin kowane mayaƙi, wannan a hula, wancan a garkuwa, don a gane ƙungiya ɗaya ce tun daga ɗaya gefen tebur.

Idan launukan tushe sun bushe, sai inuwa. Wani fenti ne tsararo, baƙi ko ruwan ƙasa, da ake shafawa a kan komai. Kamar yadda ruwan sama ke barin tudu ya taru a kwari, haka yake gangarawa cikin ninkin tufa da tsakanin yatsu. A nan ne fuska ke bayyana: kwarmin ido ya yi zurfi, hanci ya fito, haƙoran ƙwarangwal su rabu ɗaya-ɗaya. Ka sa ido kada ya taru ya yi tafki a gindin alkyabba. In ya taru, tsane shi da busasshen buroshi tun yana ɗanye.

Bayan ya bushe ƙamas sai a mayar da haske. Maimaita launin tushe a kan wuraren da suka taso, ka bar inuwar a lungu. Sannan ka ƙara masa ɗan fari ko rawaya ka taɓa ƙololuwa kawai: doron hanci, kunci, kafaɗa, bakin takobi. Ga gashi da sulke da dutse akwai hanya mai sauƙi. Tsoma tsohon buroshi a fenti, ka goge shi a tsumma har ya kusa daina barin alama, sai ka riƙa sharar wurin da shi sama-sama, kowane zobe na sulke zai kama haske shi kaɗai. Kada ka ji tsoron bambanci tsakanin duhu da haske ya yi yawa. Abin da ya yi kamar ya wuce kima a gaban hancinka, daidai yake idan ka miƙa hannu ka dube shi. Ido kuwa, in ba ka saba ba, bar shi a inuwa. Farin ido mai faɗi da ɗigon baƙi a karkace yana ɓata fuskar da aka sha wahala a kanta, kuma daga nesa ba mai neman ƙwayar ido. Masu shiga gasar fenti ta Golden Demon, wadda ake yi tun 1987, suna iya kwashe makonni a kan mutum ɗaya, amma nasu na cikin gilashi ne, naka na fagen fama.

Gindin da yake tsaye a kai ba ya cin lokaci. Shafa farin gam na kafinta, ka tsoma cikin yashi, in ya bushe ka yi masa ruwan toka mai duhu, ka share da mai haske. Gutsuren toshiyar kwalba yana zama ɓaraguzan gini, tsinken ashana ya zama karyayyen katako.

Na ƙarshe shi ne rufi marar launi da ke kare fentin daga gumin hannu. Ga na ƙarfe, a fara da mai ƙyalli domin ya fi tauri, sannan a bi da marar ƙyalli ya kashe sheƙin. Kada ka fesa shi ranar da iska ke da laima, domin yana iya yin hazo-hazo fari a kan aikin gaba ɗaya. Gwada a kan wani abu daban tukuna. Ka ba shi kwana ɗaya cur kafin ka ɗauka, sannan ka ajiye kowane mayaƙi a raminsa cikin akwati mai shimfiɗar soso, domin na ƙarfe biyu in suna gogar juna a hanya, kafin ka isa wurin wasa fentin ya zube daga gwiwar hannu da bakin garkuwa.