Rubutun Takardar Ciniki: Misalin Matacciyar Mota

Takardar ciniki tana cikin rubuce-rubucen yau da kullum da ya wajaba malamin Hausa ya naƙalta, domin a karkara sau da yawa shi ake nema ya rubuta ta. Misalin da za a duba a nan shi ne na motar da ta daina moruwa.

A ƙasar Kirikasamma, cikin fadamar kogin Haɗeja, ambaliya irin ta 2022 kan shafe hanyoyi, ruwa ya shiga injin mota ya kashe ta. Motar da ta lalace haka ba ta samun takardar hawa titi daga jami'an duba lafiyar motoci, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana da ikon tsare ta a hanya. Mai ita yakan sayar wa 'yan gwangwan, su kwance ta, su kai sassanta kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano.

Sai dai ko mota ta mutu, sunan mai ita yana nan a rajista. In aka ɗora lambarta a kan motar sata, shi hukuma za ta fara nema. Don haka ya kamata ya cire lambar, sannan a rubuta sunayen mai saye da mai sayarwa, da lambar inji da ta shasi, da kuɗi, da ranar ciniki, shaidu su sa hannu. Inda marubuta suka fi sakaci shi ne bayyana dalilin cinikin. Dole a faɗa ba tare da harshen damo ba cewa don a kwance motar aka sayar, ba don a hau ba.

Aiki: Ɗalibai su rubuta irin wannan takarda cikin daidaitacciyar Hausa.