Filin Manoma: Fiya, Amfaninta Ga Jiki Da Wahalar Dasa Ta A Ƙasarmu

Jama'a, a wannan mako za mu yi magana a kan fiya, watau abar nan koriya mai ƙaton ƙwallo a ciki, wadda Turawa su ke kira abokado. A da sai wanda ya je Jos ko Kurmi ya ke ganinta. Yanzu kuwa daga ƙarshen bazara zuwa cikin damina za ka tarar da ita a teburan masu kayan marmari a Kazaure, an saro ta daga kasuwar 'Yan Lemo ta Kano. Kada a haɗa ta da atili, wanda shi ma daga wajen Filato ya ke zuwa. Shi ƙarami ne, baƙi, kuma itacensa dabam.

Abin da ya sa na ɗauko zancenta shi ne, labarinta ya yi yawa a wayoyin mutane. Wani ya ce tana warkar da hawan jini, wani ya ce garin ƙwallonta maganin ciwon sukari ne. Har manoma daga Roni da Gwiwa da Babura sun fara tambayarmu, mu malaman gona, inda za su sami dashenta. To, tun da ya ke magana ta kai ga kuɗin mutane da lafiyarsu, ya kamata a warware ta filla-filla.

Asalin fiya daga ƙasar Meksiko ne da ƙasashen da ke maƙwabtaka da ita a tsakiyar nahiyar Amurka, har yau kuma Meksiko ce ta fi kowace ƙasa nomanta. A nan Afirka, Kenya ta yi suna wajen fitar da ita zuwa Turai. Irin da ya fi yawa a kasuwar duniya sunansa Hass, sunan wani mai raba wasiƙu ne a Kalifoniya, Rudolph Hass, wanda ya yi rajistar irin a 1935. Ita ƙarama ce, fatarta da kaushi, in ta nuna sai ta yi baƙi-baƙi. Wadda ta fi zuwa mana kuwa babba ce, fatarta sumul, ko ta nuna tana nan koriya.

Yawancin 'ya'yan itace, kamar mangwaro da gwaba da lemo, ruwa ne da zaƙi. Fiya ba haka ta ke ba, ita mai ne da ita. In ka auna giram 100 na tsokar irin Hass, za ka sami mai wajen giram 15, sukari kuwa bai kai giram ɗaya ba. Manyan nan masu santsin fata mansu bai kai haka ba, wajen giram 10 ne, ruwa ya fi yawa a cikinsu. Man nan yawancinsa irin na man zaitun ne, wanda ba ya daskarewa. Likitoci sun nuna in mutum ya rage kitsen dabba da man shanu ya sa irin wannan mai a madadinsu, mugun kitsen nan da ke taruwa cikin jijiyoyin jini, wanda a ke kira kolestarol, ya kan ragu.

Ban da mai, akwai wani gishiri a cikinta wanda a ke kira fotasiyam. Ba baƙo ba ne gare mu, shi ne a ke samu cikin toka, shi ne kuma ɗaya daga cikin abubuwa ukun da ke cikin takin zamani na NPK. A jikin mutum aikinsa shi ne rage ɓarnar da yawan gishirin miya ke yi wajen ɗaga jini. Giram 100 na fiya na ɗauke da wajen miligiram 485, ayaba kuwa, wadda ta yi suna a kan haka, wajen 360 ne gare ta. Sa'an nan akwai wani abu mai kama da dusa wanda ciki ba ya narkarwa, wajen giram 7, shi ke sa bayan gida ya zo da sauƙi, ya kuma sa mutum ya daɗe bai ji yunwa ba. Akwai bitamin E da K, da kuma irin sinadarin folik ɗin nan da a ke ba mata masu ciki a wurin awo. Mai ciwon sukari zai iya cinta ba fargaba, tun da ba zaƙi gare ta ba. Jariri in ya cika wata shida a kan murƙushe masa ita da cokali, ba ta bukatar wuta.

Wani amfani wanda ba a cika faɗa ba shi ne wannan. Bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi, jiki ba ya iya ɗaukarsa sosai daga ganye da karas sai da maiƙo a cikin abincin. Saboda haka in an yanka fiya a kan kwaɗon zogale ko latas, amfanin ganyen ya kan ƙaru.

To, duk wannan gaskiya ne. Amma ku saurari wani bincike da masana na Jami'ar Habad ta Amurka suka buga a 2022. Sun bi lafiyar mutane fiye da 110,000, ma'aikatan jinya da na asibiti, har shekara 30. Sun ga waɗanda su ke cin fiya guda ko fiye a mako, ciwon zuciya da na jijiyoyin jini ya yi ƙaranci a cikinsu da kashi 16 cikin ɗari bisa ga waɗanda ba su cika ci ba. Wannan shi ne abin da a ke ta yaɗawa. Abin da ba a yaɗawa shi ne sauran bayanin: ribar ta fito ne a inda fiya ta maye gurbin bota, da cuku, da naman gwangwani da irinsu. Da suka gwada ta da man zaitun, da gyaɗa da danginta, da sauran man tsiro, ba su ga ta fi su ba.

Manoma, ku sake karanta wannan. Gyaɗa fa aka ce. Gyaɗar da mu ke nomawa a jigayin Babura, giram 100 nata na da mai wajen giram 49, ninki uku na fiya, kuma wajen rabinsa irin wancan mai ne na kirki. Abin gina jiki wajen giram 26 gare ta, fiya kuwa giram 2 kacal. Fotasiyam ɗinta ya kai miligiram 700, folik ɗinta kusan ninki uku na fiya. Riɗi, wanda Jihar Jigawa ta yi suna a kansa, shi ma rabinsa mai ne. Abin haushi ne mutum ya sayar da buhun riɗinsa duka da kaka, bai rage ko tiya ɗaya domin miyar gidansa ba, sa'an nan ya je yana neman lafiya a tebur da tsada. Ƙuli-ƙulin da iyayenmu mata ke dakawa a kan kwaɗo, aikin nan na taimakon bitamin A shi ma ya ke yi, sun daɗe suna yi tun ba a san sunan bitamin ba. Sai dai a kula da gyaɗar da ta yi fumfuna ko ta yi ɗaci, wannan guba ce ga hanta, a tsince ta a zubar, kada a ce za a ba yara.

Ba cewa na ke kada a ci fiya ba. Abinci ce mai kyau, in lokacinta ya yi ta yi araha, mai hali ya saya wa iyalinsa. Rabin guda ya ishi mutum a rana, musamman malaman ofis masu yini a kujera, domin mai ko na kirki ne in ya yi yawa ƙiba ya ke kawowa. A ci ta ɗanya, da burodi a madadin bota, ko a kan shinkafa da wake. In an dafa ta ɗaci ta ke yi. Wanda likita ya gaya masa ƙodarsa ta taɓu, kada ya ci sai ya tambaya, gama ƙoda marar lafiya ba ta iya fitar da fotasiyam, in ya taru kuwa zuciya ya ke taɓawa. Mai hawan jini kuma lalle kada ya ajiye ƙwayar da aka ba shi a asibiti don ya sami fiya. Hawan jini ba ya sallama, mutum na jin garau sai a wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye. Zancen garin ƙwallo kuwa, ba a tabbatar yana warkar da kome a jikin mutum ba, ba a kuma tabbatar ba ya cutarwa ba. Ni dai ba zan ba ɗana ba.

'Yan kasuwa, ga naku. Fiya ba ta nuna a kan itace, sai an tsinke ta ta ke yin laushi, cikin kwana uku zuwa mako guda, da zafinmu kuwa ta fi sauri. Saboda haka mai saro ta daga Kano ya ɗauki masu tauri, amma waɗanda suka ƙosa. Wadda aka tsinka ba ta ƙosa ba, sai ta yamutse kurum, ba za ta yi daɗi ba har ta ruɓe. A zuba a kwando ko kwali, kada a danna cikin buhu, duk inda ta bugu baƙi ya ke yi a ciki. A ajiye a inuwa. In kana so ta nuna da wuri, naɗe ta a takarda tare da ayaba nunanniya. In an yanka an rage, a matsa lemun tsami a kai don kada ta yi baƙi. Kuma kada a bar masu saye su yi ta latsa ta da babban yatsa, kowane latsi asara ne.

Yanzu sai batun dashe, wanda shi ne ya fi damuna. A Nijeriya fiya ta fi yin kyau a kan tudun Jos, wanda ya kai wajen mita 1,200 bisa teku, da tsaunin Mambila wajen Gembu, da kudancin Kaduna, da Kurmi. Wuraren nan ko dai sanyi gare su ko ruwan sama mai yawa. Itacen na son ruwan da ya kai milimita 1,000 a shekara ko fiye, a rarrabe cikin watanni da yawa. Mu kuwa namu bai cika kai wannan ba, kuma cikin wata huɗu ya ke sauka ya ɗauke, sauran wata takwas rani ne. Saiwarta ba ta nitsewa kamar ta mangwaro ko gawo, yawancinta tana cikin ƙafa biyu na saman ƙasa, daidai inda rairayi ke bushewa ya yi zafi. Iskar hunturu na ƙona bakin ganyenta. In zafi ya kai digiri 40, abin da mu ke gani kowane watan Afrilu da Mayu, fure da ƙananan 'ya'ya zubewa su ke yi, rana ma ta kan ƙona ɓawon itacen.

Wani zai ce, to, sai in kai ta fadama. Nan ma akwai magana. Yadda ta ƙi fari haka ta ƙi kwanciyar ruwa. In ruwa ya kwanta a gindinta kwana biyu ko uku saiwar ta fara ruɓewa, akwai kuwa wata cutar ruɓar saiwa wadda ita ce babbar abokiyar gabarta a duk duniya. Laka ba ta karɓe ta ba, ƙasa mai kanwa ko ruwan rijiya mai zartsi ma haka. Gaskiya ne ana nomanta a Isra'ila da Maroko inda ruwan sama ba shi da yawa, amma yawanci kusa da teku ne, da bututun ban ruwa mai ɗiga, da jari mai nauyi. Babbar itaciya guda da bazara za ta sha jarka huɗu ko biyar kullum. Mai sayen ruwa a wurin 'yan garuwa ya yi wannan lissafi tukuna.

Sa'an nan wanda ya ci fiya ya binne ƙwallon, lalle zai tsiro, ya yi kore shar, mai shi ya yi ta murna. Amma irin wannan ya kan yi shekara biyar har fiye da goma bai haihu ba, in ma ya haihu ba lalle ne ya yi kama da uwar ba. Mai aure ita ke haihuwa cikin shekara uku ko huɗu, a inda ƙasa ta karɓe ta ke nan. Mai talla a kasuwa wanda ya ce maka dashensa zai haihu baɗi, ka nemi ya nuna maka tabon auren a jikin karan.

Abu na ƙarshe da masu dabbobi za su riƙe: ganyen fiya da ɓawonta da ƙwallonta suna da wata guba wadda ke cutar awaki, da tumaki, da shanu, da dawaki, da tsuntsaye. Akuya mai shayarwa in ta ci ganyen hantsarta ta kan kumbura nono ya ƙafe, in ta ci da yawa zuciyarta ta kan tsaya. A garuruwanmu kuwa da rani awaki sake su ke, kore kuma ba ya wuce su. Ko ɓawon wadda aka ci a gida kada a zuba wa kaji.

In mutum yana da lambu kusa da madatsar ruwa ta Kazaure ko bakin Kogin Gari, ruwansa mai daɗi ne, kuma ya nace sai ya gwada, to, ya gwada da biyu ko uku, kada ya share gona. Ya nemi mai aure daga irin manyan nan masu santsin fata, su suka fi jure zafi. Ya tara ƙasa ya yi tudu kamar ƙafa ɗaya da rabi, ya dasa a kai da farkon damina, a wurin da darbejiya ko katanga ta tare iskar gabas. Ya yi mata rumfar zana shekara biyu na fari, ya shimfiɗa ciyawa a gindi amma kada ta taɓa karan, ya riƙa duba gara, ya kewaye da shinge mai ƙarfi. Sauran filin kuwa ya sa mangwaro mai aure, da gwaba, da lemun tsami, ya jera zogale a bakin shinge. Gwanda ma cikin shekara guda za a fara ci. Mai son dashen waɗannan ya gaya wa malamin gona na yankinsa tun cikin rani, domin a tanada masa kafin ruwa ya sauka.