Daga Gazawa aka tambayi Tanti: shin mutane za su ƙare a duniya?

Wasiƙu uku ne suka zo kan magana ɗaya, ban da saƙonnin murya na WhatsApp, don haka Tanti, kamar yadda masu sauraro ke kiran mai gabatar da shirin amsa tambayoyi, ta haɗa su wuri guda. Ta fara da ta wani malamin lakwal daga Gazawa. Ya ji wai a Japan da Koriya haihuwa ta ja baya har ana rufe makarantu. Shin ɗan Adam zai iya ƙarewa a doron ƙasa? In kuma mutane suka ragu ƙwarai, waɗanda suka saura za su iya rayuwa?

Sai da ta yi dariya tukuna. "Haba Malam, a Gazawa kake wannan tambaya? Kai da yaran ajinka ke zaman ƙasa saboda benci bai isa ba?"

Amma ba ta yar da tambayar ba. Ta ce a watan Nuwamba na 2022 jama'ar duniya suka kai biliyan 8, kuma hasashen Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna za su haura biliyan 10 wajen shekarun 2080, daga nan su soma raguwa sannu a hankali. Masana sun ce in ana so al'umma ta tsaya yadda take, sai kowace mace ta haifi ƴaƴa biyu da ɗan ɗori, abin da suke rubutawa 2.1. A Koriya ta Kudu kuwa adadin ya faɗo 0.72 a 2023. "Ku tara mata huɗu, ƴaƴansu duka ba su cika uku ba. Ko suna sai an yi marmari." Sin, wadda ta daɗe tana hana haihuwa fiye da ɗaya, ta ba da izinin biyu a 2016, uku a 2021, duk da haka a 2022 jama'arta ta ragu, karon farko tun 1961. A Japan gidaje kusan miliyan 9 ne ke rufe babu kowa ciki.

Daga nan ta dawo gida. Lokacin da Nijar ta samu ƴanci a 1960, duk ƙasar mutum miliyan uku ne da wani abu. Ƙidayar 2012 ta samu miliyan 17, jahar Maradi kaɗai miliyan 3.4, wato kusan Nijar ɗin 1960 gaba ɗaya. Binciken 2012 ya ba matan ƙasar ƴaƴa 7.6 kowace, na 2021 ya ce 6.2. "Ka ji, Malam, mu ma abin ya ɗan sauka, amma kada ka fasa neman ƙarin benci."

Wasiƙa ta biyu ita ce ta fi jan hankalinta, kuma a kanta ta ci rabin lokacin shirin. Wani dattijo ne daga yankin Agye ya sa jikansa ya rubuta masa. Ya ce shi bai ga abin tsoro ba. Gandun da ubansa ya bari an raba shi, an sake rabawa, yanzu kowa ɗan tsagi yake nomawa, matan gidan ma gamanarsu ta tafi. In mutane suka ragu, ai gona za ta wadata.

"Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka tana da tushe," in ji ta. Ta ba shi labarin annobar da ta ratsa Turai daga 1347 zuwa 1351, ta kashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutane. Bayanta filaye suka yi yawa, ƴan ƙodago suka yi tsada, talaka ya samu bakin magana gaban mai gona. Sai dai waccan annoba ta ɗebi yaro da babba. Raguwar yanzu dabam take: tsofaffi na nan, su ne ma ke ƙaruwa, matasa ne ba a haifa ba. "To Baba, in gona ta yi faɗi, wa zai riƙe hauya? Wa zai zo gayya? A nan ba mu da fansho, ɗanka ne ke cika maka rumbu. Ko wasiƙar nan jika ne ya rubuta maka."

Sai ta tuna masa abin da ya gani da idonsa. Bayan farin 1984, yunwar da mutane suka laƙaba wa El Buhari, gonakin Maradi sun zama fili fetal, iska na tone shuka. Abin da ya maido da itace shi ne sassabin zamani. Manomi zai tarar da kututture ya yi toho, maimakon ya sare duka sai ya zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi ya bari, ya datse sauran, ya riƙa gyara su kowace shekara, yana kare su daga awaki da masu gatari. A Ɗan Saga har kwamitin tsaron itace aka kafa. Da haka gawo da kalgo da sabara suka dawo, masu bincike suka ƙiyasta kadada kusan miliyan 5 a kudancin ƙasar. Duk wannan ya faru ne a shekarun da jama'a ke ninkawa. Ra'ayinta, ta ce, ba fatawa ba ce: hannu ne ya yi aikin, kuma ranar da hannu ya yi ƙaranci za a gane.

Mai kula da na'ura ya ɗaga yatsu biyar ta bayan gilashi. Ta yi kamar ba ta gani ba, ta ɗauko ta uku.

Wata baiwar Allah ce daga Gidan Rumji, wadda ta sauki baƙi a gidanta tun 2019, lokacin da ƴan bindiga suka koro dubban mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina. Ta ce ba sai an yi hasashe ba, a tambayi baƙinta yadda gari ke zama kufai. Kasuwa ce ke fara mutuwa, sai ungozoma ta tashi, maƙeri ya bi, rijiya ta rufta don babu mai yasa.

Muryar Tanti ta sauya. "Hajiya, kin amsa wa Malam fiye da ni." Ta yi gaisuwa ga mutanen Garin Kaka da Cadakori, inda aka tsugunar da wasu daga cikin ƴan gudun hijirar. Ta ce ɗan Adam dai ba ya ƙarewa da sauƙi. Tsibirin Ayalan yana da mutum fiye da miliyan 8 a 1841, yunwar dankali ta 1845 da ƙaura suka zaftare su, har yau bai maido wancan adadi ba, kuma ga shi yana raye. Abin da ke salwanta shi ne sana'ar da babu magaji, da garin da babu mai komawa.

Saura minti biyu, sai ta shiga zuba amsa a gurguje. Wani ya tambaya ko wannan ce alamar tashin duniya. "Wannan ta malamai ce, ka jira shirin Juma'a." Wani kuma ya ce tazarar haihuwa makircin Turawa ne don a rage mu. Ta ja numfashi har aka ji a makirfo. "Ɗan'uwa, kowane wata sai an aiko mini wannan. Tazara hutu ce ga uwa da yaro. Ka raka maiɗakinka likita ku ji daga bakin ungozoma."

Ta ƙarshe daga wani saurayi ne na garin Agye: tunda gidaje na zaune banza a Japan, yaya ake zuwa?

"Ƙanena, gida dai akwai, biza ce babu. Ka gama huɗar gyaɗar babanka tukuna." Ta tura sauran wasiƙun gefe, ta ce masu tambayar kuɗin tiyar hatsi su yi haƙuri sai mako mai zuwa, don mai labarai ya riga ya shigo yana jiran kujera.