Darasin Wannan Wata: Abin da Za Mu Yi Idan Allon Karatu Ya Daina Aiki



Darasinmu na yau a kan allon karatu ne, wato ƙaramar na'urar nan mai ɗauke da littattafai da yaranmu ke arowa daga ɗakin karatu. Abin da ya sa muka zaɓe shi, a watan da ya wuce wata baiwar Allah ta zo teburin jami'ar kariya, inda muke aikin tafinta, da allo ƙunshe a cikin zane. Hannunta na rawa ta ce mana ya kusa wata biyu a ƙarƙashin kayanta. Wai ranar da ya ƙi kunnuwa ta yi wa ɗiyarta duka, sannan ta ɓoye shi don gudun kada a ce ta biya, ko a taɓa katin rabon abincin gidan. Muka ce, "Inna, ki zauna ki huta tukuna." Da aka duba, wayar caji ce kawai ta tsinke ta ciki. Yarinya ta sha duka a banza, ta kuma yi wata biyu ba karatu. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce rashin sani ya fi dare duhu.

Don haka kafin komai mu riƙe wannan: ba a yanke wa kowa abinci ko wani taimako saboda allo ya lalace a hannun ɗansa. Aro kyauta ne, dubawa ma kyauta ce. Duk wanda ya nemi kuɗi ko wani abu a hannunku, ko a hannun 'ya'yanku mata, da sunan zai rufa muku asiri a kan allon da ya lalace, ku kawo maganarsa teburin kariya. Za a saurare ku cikin sirri.

1. Mu fara sanin halin allon

Irin da aka fi sani su ne Kindle, wanda kamfanin Amazon ya fara fitarwa a 2007, da kuma Kobo. Fuskarsu daban take da ta wayar hannu. A ƙarƙashin fuskar akwai miliyoyin 'yan ƙananan ƙwayoyi, kowace ba ta wuce kaurin silin gashi ba, cike da ƙwayoyin launi fari da baƙi. Idan aka buɗe sabon shafi, wuta kaɗan ce ke tura baƙin sama a inda harafi zai fito, farin kuma a sauran wuraren. Da zarar shafi ya zauna, ba ya bukatar wuta kafin ya ci gaba da zama. Shi ya sa cajinsa ke kai makonni.

Ga abin da ke ruɗa mutane. Waya idan batirinta ya ƙare, fuskarta takan yi baƙi. Shi kuwa allon karatu, ko batir ya ƙare ƙaf, hoton ƙarshe yana nan a fuskarsa kamar rubutun tawada a allon makaranta. Sai mutum ya ga rubutu, ya taɓa, ya ga bai motsa ba, ya ce ai ya lalace. Sau da yawa yunwa kawai yake ji.

2. Matakin farko: caji

Idan allo ya ƙi motsi, ko ya nuna hoton batir, wani lokaci da alamar motsin rai a jikinsa, mu bi waɗannan a jere:

Mu cire masa riga idan yana da ita. Wasu rigunan suna da maganaɗisu da ke sa allo barci idan an rufe, kuma idan rigar ta karkace tana iya hana shi farkawa.

Mu jona shi a caji mu bar shi aƙalla awa ɗaya ba tare da latse-latse ba. Idan ya daɗe a mace yana iya ɗaukar awoyi kafin ya nuna alamar rai. A Kindle akwai 'yar fitila kusa da ramin caji: ruwan lemo na nufin yana shan caji, kore na nufin ya cika.

Idan fitilar ba ta kama ba, mu canza waya. Wayar caji ita ce ta fi saurin mutuwa, musamman wadda ake naɗewa ana cusawa a aljihu. Mu aro ta maƙwabci wadda muka tabbatar tana cajin wayarsa. Mu lura bakin wayar iri biyu ne: tsofaffin alluna suna da mai gefe ɗaya faɗi ɗaya tsuke, wanda ke shiga ta fuska ɗaya kawai, sababbi kuma suna da wanda ke shiga ta kowace fuska. Idan bai shiga cikin sauƙi ba, kada a tura da ƙarfi.

Mu leƙa ramin cajin da tocila. A lokacin hunturu ƙura da zaren tufafi kan cushe a ciki har su hana waya zama. A ciro su a hankali da tsinken sakace na itace. Ban da allura, ban da ƙusa, ban da reza.

Mu canza wurin caji. Ƙaramar fitilar sola ba ta tara wuta sosai a ranar hazo, balle idan ƙura ta rufe farantinta. A goge farantin, ko a kai allon rumfar caji. Abin da allo ke sha bolt 5 ne, kamar wayar hannu. Batirin babur da na babbar sola bolt 12 ne, kuma jona shi kai tsaye da su zai ƙona shi nan take.

3. Mataki na biyu: a tashe shi daga suma

Idan ya sha caji amma har yanzu shafi ɗaya yake nunawa, to ƙwaƙwalwarsa ce ta cije. A danna makunnin a riƙe ba sakewa. A Kindle daƙiƙa 40 ake riƙewa. A nan yawancinmu ke kuskure: mukan riƙe kaɗan mu gaji mu saki. A ƙirga ɗaya zuwa arba'in a natse, ko da wani rubutu ya fito a tsakani. Bayan an saki, fuskar za ta yi walƙiya tsakanin fari da baƙi, sannan wani layi ya fito yana cika a hankali. A ajiye shi minti biyu ko uku ya gama. A Kobo ma haka ake yi, a riƙe kamar rabin minti. Wannan ba ya goge ko littafi ɗaya, kuma ana iya maimaitawa yana jone a caji.

4. Kalmomi biyu masu kama da juna

Wannan shi ne wurin da muke so kowane yaro mai karatu ya haddace. A cikin saitin allon akwai kalmomi biyu kusa da juna. Ta farko Restart, a allon da aka saita da Faransanci kuma Redémarrer. Ita ce kashewa da sake kunnawa, ba ta da illa. Ta biyu Reset, ko Réinitialiser. Ita tana wanke allon tas, ta mayar da shi yadda ya fito daga kamfani ba littafi ko ɗaya.

Mai intanet a gidansa zai iya sake sauke littattafansa. Mu a nan, an zuba su ne daga kwamfuta, kuma mayar da su na iya ɗaukar lokaci, yaro kuwa ga jarrabawa a gabansa. Kada garin neman gira a rasa ido. Kalma ta biyu ta ma'aikacin ɗakin karatu ce kaɗai. Haka kuma kada yara su sa wa allon lambar sirri, domin idan aka manta ta, a Kindle ba a buɗe shi sai an goge duk abin da ke ciki.

5. Ƙananan matsaloli

Idan allo yana buɗe shafi da kansa, ko ana taɓawa ba ya ji, a duba gefen fuskar. Wasu alluna suna gane yatsa ne da wani haske da ido ba ya gani, wanda ke ratsawa daga gefe zuwa gefe, kuma ƙura ko ɗan yashi a lungun na iya tare shi. A goge da tsumma mai laushi, busasshe. Kada a sa kananzir ko ruwan sabulu.

Idan ana ganin inuwar rubutun shafin baya a ƙarƙashin sabo, halin irin wannan fuska ne. Takan share kanta da walƙiyar nan ta fari da baƙi bayan an wuce wasu shafuka.

Idan caji na saurin ƙarewa, a kunna alamar jirgin sama don ya daina wahalar neman intanet, a kuma rage hasken fuska da rana. Idan kwanan nan aka zuba masa littattafai da yawa, yakan yi nauyi ya ci batir yana jera su. A bar shi a caji ya gama.

Idan kullum a kan littafi guda yake cijewa, wataƙila littafin ne bai kwafu daidai ba. A faɗa wa ma'aikacin sunansa ya cire ya sake zubawa.

6. Inda za mu tsaya mu ɗauke hannu

Akwai alamu uku da dabarar gida ba ta yi musu magani.

Ta farko, layuka a tsaye ko a kwance, ko tabo kamar an zubar da tawada, ko rabin fuska na canzawa rabi na tsaye. Wannan gilashin ciki ne ya tsage. Siriri ne ƙwarai, yana iya fashewa alhali waje lafiya lau, idan an zauna a kai ko an danne shi a jaka ƙarƙashin kaya.

Ta biyu, bayan allon ya kumbura, ko bakinsa ya buɗe, ko yana zafi sosai da wari. Batir ne ya lalace, kuma yana iya kamawa da wuta. A cire shi daga caji nan da nan. Kada a danna kumburin, kada a huda. A fitar da shi daga tanti, a ajiye a kan yashi a inuwa, nesa da tamfol da zana da yara, a aika a kira ma'aikaci. Duk mun san yadda gobara ke gudu a inda ɗakuna ke manne da juna.

Ta uku, ya faɗa ruwa. Kada a jona shi a caji, kada a yi ta gwada kunnawa. A goge shi, a jingine shi ramin caji na kallon ƙasa, a inuwa mai iska. Ban da shanyawa a rana ko kusa da murhu. A kawo shi washegari a faɗi gaskiyar abin da ya faru.

A duk waɗannan, kada a kai wa mai gyaran waya a kasuwa ya ɓalle shi. Kayan gyaransa ba irin na waya ba ne, kuma wajen buɗewa ne gilashin ke fashewa.

7. Rigakafi

Kamfanin Kindle ya ce a yi amfani da shi a zafin da bai wuce digiri 35 ba. Mu kuwa a bazara zafi kan haura 40, cikin tanti ko ƙarƙashin kwano ma ya fi haka. Don haka a yi caji da safe ko da yamma, farantin sola a rana, allon a inuwa. Da dare kada a sa shi ƙarƙashin matashi yana caji. A ajiye shi a cikin jakar yadi a wuri mai tudu, inda ƙananan yara da ruwan damina ba za su kai ba.

Na ƙarshe, kada a bar shi ba caji har wata ya wuce. Irin batirin da ke cikinsa idan ya daɗe a ƙare yakan mutu ɗungurungum. Kun ga ke nan ɓoye allo a ƙasan akwati na iya mayar da ƙaramar matsala babba. Na baiwar Allahn nan ya kwana a caji kafin ya farfaɗo, kuma da ta ƙara wasu watanni da wuya ya tashi.

Muna roƙon waɗanda suka iya karatu su karanta wa maƙwabtansu wannan darasi. Wanda yake da allo a ɓoye yanzu haka, ya kawo shi ɗakin karatu, ko ya zo teburin kariya mu raka shi. Idan kunya ce, a aiko da babban yaro. Allah Ya yi wa karatun yaranmu albarka, Ya mayar da mu gidajenmu lafiya. Amin.