Faten Wake Ba Nama, Cikin Minti 15

Uwargida, ke da kike dawowa GRA daga aiki a gajiye, dabarar tana ranar Lahadi. Ki sayo farin wake a kasuwar Muda Lawal, ki dafa da 'yar kanwa, ki kasa shi a firji. Kanwar dai kada ki cika hannu, tana ɓata ɗanɗano.

Ranar aiki kuma, bayan magariba sai ki soya albasa, attaruhu da daddawa a manja, ki juye waken. Ki dama cokali 2 na markaɗaɗɗiyar gyaɗa da ruwan ɗumi, ki zuba, sannan ki murje rabin waken da bayan ludayi. Nan kaurin yake, ba sai da madara ba. Alayyafo daga ƙarshe, kada ya yi baƙi. Yara sun fi son faten da burodi.