Warin da Hancinka Ya Saba da Shi: Yadda Ake Auna Iskar Ɗakin Kaji

Sanyi ya fara shigowa, kuma saƙonnin da kuke turo min daga Kazaure, Roni, Gwiwa har Babura kusan magana ɗaya ce: "Kajina suna atishawa, idonsu na ruwa, wane magani zan ba su?" Kafin ka je shagon magani, bari mu duba iskar da suke shaƙa.

A hunturun bara wani ƙanenmu a nan Achilafiya ya kira ni in duba masa buroila 300 'yan sati uku. Ya riga ya canza maganin mura har kala uku, shiru. Na je bayan sallar asuba, kafin ya ɗaga ledar da ya rufe tagogi da ita. A tsaye ban ji wani abin tashin hankali ba, amma da na durƙusa na kai fuskata daidai kan kajin, sai ga hawaye. Na ɗago na dube shi, ya ce, "Yaya, wallahi ni ba na jin komai." Gaskiya ya faɗa, kuma matsalar ke nan.

Wannan iska mai yaji sunanta amoniya. Kashin kaza yana ɗauke da ragowar sinadarin naitirojin na abincin da ta ci. Idan ya samu laima da ɗumi, ƙwayoyin bakteriya da ke cikin shimfiɗa, garin katako ne ko ɓuntun shinkafa, sai su farfasa shi, amoniya ta taso. Da zafi tagogi a buɗe suke, iska na kwashe ta. Da sanyi kuwa, da hannunmu muke toshe kowace kafa da buhu da leda, mu kunna gawayi, mu tafi mu kwanta. Sai a wayi gari an tara mata duk abin da take so: laima, ɗumi, da ɗaki a rufe.

Ana auna ta ne da ma'aunin ppm, wato kashi nawa ne cikin kashi miliyan na iskar ɗakin. Ka ga abu ne ɗan mitsitsi, amma ɓarnarsa babba. Abin da masana suka tsaya a kai shi ne kada ta wuce 25, in son samu ne ma ta tsaya ƙasa da 10. Daga 25 zuwa sama tana fara lalata 'yan siraran gashin da ke cikin maƙogwaron kaza, waɗanda aikinsu share ƙura da ƙwayoyin cuta. Da zarar sun lalace, ƙofa ta buɗe wa ciwon numfashi. Idan ta kai 50 sai ido ya fara ƙonewa, ka ga kaza ta rufe ido ta raɓe a lungu, ba ta ganin abinci balle ta ci.

Wani bincike da aka yi a jihar Misisifi ta Amurka, aka wallafa a 2004, ya gano cewa buroilar da aka rena cikin amoniya 50 ppm nauyinta ya ragu da kashi 6 cikin ɗari, a 75 ppm kuma kashi 9. Mu yi lissafi irin na kasuwa. Kana da kaji 500, kana sa ran kowace ta kai kilo 2. Kashi 6 cikin ɗari giram 120 ke nan a kan kowace kaza. Ka tara, kilo 60. Kamar an shigo da dare an kwashe maka kaji 30 ne, alhali ko ɗaya ba ta mutu ba, kuma abincinsu ka saya cif. Ita wannan asarar ba ta barin gawa a ƙasa, shi ya sa ba a kuka da ita.

To me ya sa hanci ba zai wadatar ba? Dalili biyu. Na farko, hanci yana sabawa. Baƙo zai ji warin tun yana ƙasa-ƙasa, amma wanda ke shiga ɗakin safe da yamma yana iya tsayawa cikin iskar da ta wuce ƙima bai ji komai ba. Na biyu, kai kana shaƙa ne daga sama, ita kuwa kaza hancinta bai fi taƙi ɗaya daga shimfiɗar da amoniyar ke fitowa ba. Dokar Tarayyar Turai ta 2007 kan kiwon buroila, da ta ce a gidajen da ake cunkusa kaji da yawa kada amoniya ta wuce 20 ppm, ta faɗa ƙarara cewa a daidai kan kaji za a auna.

Kayan awo kala uku ne. Mafi sauƙi wata 'yar takarda ce mai canza launi. Za ka yago guntu, ka ɗiga mata tataccen ruwa, ka riƙe ta daidai kan kajin kamar daƙiƙa 15 ko yadda aka rubuta a jikin kwalin, sannan ka gwada launinta da jadawalin da ya zo da ita. Ba za ta ba ka lamba cif ba, amma za ta raba maka tsakanin 10 da 25 da 50, kuma abin da kake buƙata ke nan. Na biyu siririn bututun gilashi ne mai hoda a ciki, irin na kamfanonin Dräger da Gastec. Ana karya bakinsa, a zuƙo iska da ɗan famfo, tsawon inda launin ya canza shi ne lambar. Ya fi daidaito, sai dai kowane bututu sau ɗaya ake aiki da shi. Na uku na'urar hannu ce mai batir da ke nuna lamba nan take. Tana da daɗin aiki, amma idan ta daɗe cikin amoniya ma'auninta yana gocewa, sai an riƙa saita ta. Ni dai shawarata ga mai kaji 200 zuwa 500, ya fara da takarda. Masu kiwo uku ko huɗu a unguwa ɗaya ma za su iya haɗa kuɗi su saya tare, in ba a samu a kusa ba a yi saƙo Kano.

Af, har daga sararin samaniya ana auna wannan iska. Akwai na'urar IASI da ke kan taurarin ɗan'adam na Turai tun 2006. A 2018 masu bincike suka fitar da taswirar wurare 248 da amoniya ta fi taruwa a duniya, galibinsu manyan gonakin dabbobi da masana'antun takin zamani ne. Amma tauraro ba zai leƙa ɗakinka ba, wannan aikinka ne.

Lokacin awo yana da muhimmanci kamar kayan awon. Ka auna da sassafe kafin ka ɗaga labule, domin a lokacin ta fi taruwa. Ka auna wuri uku: tsakiyar ɗaki, lungun da ya fi nesa da ƙofa, da gefen mazubin ruwa. Ka rubuta a littafinka tare da kwanan wata da shekarun kajin. Awon da aka yi da rana tsaka, ƙofa a wangale, yaudarar kai ce.

In ba ka da ko takardar, ga gwajin hannu. Ɗebi shimfiɗar ka matse. Idan ta ɗan haɗe sannan ta warwatse da ka buɗe hannu, lafiya lau. Idan ta dunƙule kamar fura, laima ta yi yawa, amoniya na nan tafe ko ta riga ta iso.

Idan lamba ta hau, gyaran ba na allura ba ne. Ka buɗe sama-saman tagogi ta ɓangaren da iska ba ta bugowa, ko da faɗin tafin hannu ne, ka bar ƙasa a rufe don kada sanyi ya daki kajin kai tsaye. Ka kwashe wurin da ya jiƙe a kewayen mazubin ruwa ka zuba busasshe, ka ɗaga mazubin ya zo daidai bayan kaza. In sun cunkushe, ka raba su. Kuskure ɗaya da nake yawan gani shi ne barbaɗa farar ƙasa a kan jiƙaƙƙiyar shimfiɗa kaji na ciki, wai don ta kashe wari. Ƙara sakin amoniyar take yi. Ka bari sai ɗaki ya zama babu kowa.

Sai maganar gawayi, wadda ta fi ba ni tsoro. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da kabon monoksaid. Ita ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa hawaye, kuma takardar amoniya ba ta ganin ta, na'urarta daban ce. Tana kashe 'yan tsaki, tana kashe mutum. Ka hura gawayin a waje sai ya kama ja sosai kafin ka shigar, kuma duk da haka ka bar kafar iska. Kada ka bar yaro ya kwana a ɗakin reno don ya riƙa ƙara wuta. Idan ka shiga da safe ka ji kanka na sarawa ko jiri, ka fito ka buɗe ɗakin nan take.

Shi ƙanen namu mun kwashe shimfiɗar gefen ruwa, muka yanke saman ledar, muka mayar da kaji 100 wani ɗakin. Cikin 'yan kwanaki atishawar ta lafa, sai dai waɗanda idonsu ya riga ya taɓu ba su kamo sauran a girma ba har aka sayar.

Masu kiwon tarwaɗa, ku ma kuna da taku amoniyar a cikin ruwa, kuma dafinta yana ƙaruwa idan ruwa ya yi ɗumi. Kayan awonta daban ne, shi za mu ɗauka a darasi na gaba in sha Allahu.