Darasi na 18: Makamashi Iri Biyu

Jama'a, duk abin da ke ba mu wuta, ko haske, ko ƙarfin juya inji, sunansa makamashi. Makamashi iri biyu ne.

Na farko mai ƙarewa ne, kamar fetur da kananzir da kwal. Daga ƙarƙashin ƙasa ake haƙo su. Abin da aka ƙona ya tafi ke nan, ba ya dawowa. Na biyu mai sabuntuwa ne, kamar rana da iska da ruwa mai gudu. Mun sha rana yau, gobe ma za ta fito da ikon Allah.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Ga madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji, wadda aka gama a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Ta tare Kogin Kano, tana ba manoman rani na Kadawa da Kura ruwa. Daga baya an kafa mata injin lantarki mai ƙarfin megawat 10. Ruwa ya kwararo da ƙarfi ya juya inji, inji ya ba da lantarki, ruwan kuma ya wuce gonaki abinsa.

Rana ma tana ba da lantarki, ta hanyar faifan sola. A 2023 an buɗe babbar tashar sola a Kumbotso, kusa da birnin Kano. Ƙaramin faifai kuwa ya isa ya kunna fitila, ya yi cajin waya.

To, itacen girki fa, wane iri ne? Ku lura da kyau. In mun sare mun dasa, mai sabuntuwa ne. In mun sare ba mu dasa ba, mai ƙarewa ne.

Kogin Kano yana ratsa Dajin Falgore, a ƙasar Doguwa da Tudun Wada, kafin ya isa Tiga. Saiwoyin itatuwa su ke riƙe ƙasa. In an sare su, ruwan sama zai kwashe yashi da laka ya zuba a kogi. Kogi ya kai su madatsa, su kwanta a ƙasa, wurin ruwa ya ragu. Ashe gatarin mai gawayi a Doguwa yana iya rage ruwan manomi a Kura.

Saboda haka, daga Ƙiru har Doguwa, ga abin da za mu yi:

1. Wanda ya sare itace ɗaya, ya dasa biyu da damina, ya kare su daga awaki.
2. Mu kewaye murhu da yumɓu don kada iska ta cinye itace.
3. Kada mu sa wa daji wuta.

Tambayoyi

1. Makamashi iri nawa ne?
2. A wace shekara aka gama madatsar Tiga?
3. Yaya saran itace ke rage ruwan madatsa?

Ku rubuta wannan sau uku: In mun sare, mu dasa.